Dandalin Kowa a Ƙofar Gidan Wani

Wanda ya zaga Dogon Dutsi, daga gindin Tozon Bijini har bakin Tafkin Saw, yana neman irin lambun shaƙatawar nan da muke nuna wa yara a littattafan karatun Faransanci, mai kujeru da furanni da ƙofar ƙarfe, zai sha tafiya. Abin da zai yi ta cin karo da shi fili ne. Akwai filin Idi da filin kokowa, akwai filayen makarantu, akwai kangon da ya rage tsakanin gidaje inda wani tsohon gawo ya tsira daga gatari. Haka abin yake a Matankari, haka yake a Tibiri da Kore Mai Ruwa da Geceme. Waɗannan filaye su ne lambunanmu, ko da kuwa babu wanda ya taɓa kafa musu allo ya rubuta suna. Cikinsu yaro ke koyon gudu da faɗuwa, can ake shimfiɗa tabarmin zaman makoki idan zaure ya yi kaɗan, can makaɗi ke ɗaure gangarsa ranar biki. Amma kowane fili na kowa, a ƙofar gidan wani yake. Wannan wanin kuwa, shi ke shan ƙura, shi ke kwana da hayaniya, kuma shi ɓarawo ke fara leƙawa idan dare ya raba.

Na yi shekaru ina koyarwa a makarantun ƙasar Arewa, kuma ban taɓa zama unguwar da wannan gardama ba ta taso ba. Takan zo da fuskoki dabam-dabam, amma ƙarshenta ɗaya ne: a ja katanga, ko a bari a buɗe?

Kafin a amsa, ya kyautu a tuna abin da dandali yake a da, domin matasan malamai da yawa sun san kalmar ne kawai a darasin adabi. Dandali fili ne a tsakiyar gari ko unguwa, wanda da rana ba ya da wani kwarjini. Awaki ne da kaji. Sai bayan cin tuwon dare, musamman in akwai farin wata, yake samun rai. Ƴan mata su fito da tallar gyaɗa da goro, su kafa da'irar gaɗa. Yara maza su kama langa. Bayan girbi kuma, lokacin da rumbu ya cika, ƙarti su zo kokowa daga ƙauyukan kewaye. Abin da ake yawan mantawa shi ne wannan wuri yana da mai shi. Akwai sarkin samari, wanda idan rikici ya tashi shi mai gari zai kira. Akwai tsofaffin mata da ke zaune bakin darni, suna kaɗi ko ɓarar gyaɗa, kamar ba su kula ba, alhali sun san ɗiyar da ta fito da wadda ba ta koma gida da wuri ba. Baƙo bai isa ya tsaya gefe yana kallo ba, sai an tambaye shi gidan wa ya sauka. Gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, ta ɗauki wannan tsohon tsari na samari ta mai da shi Samariya, ta sa shi aikin gayya da wasannin gasa. Ana iya faɗin abubuwa da yawa game da yadda mulkin soja ya yi amfani da Samariya don kansa, kuma an faɗa. Duk da haka, waɗanda suka yi ƙuruciya a lokacin suna tuna cewa filin wasa yana da mai share shi, kuma an san wanda za a tuhuma idan wani abu ya faru.

Me ya sauya? Na farko dai yawan jama'a. Ƙidayar 1988 ta samu mutum miliyan 7 da ƴan kai a Nijar. Ta 2001 ta samu miliyan 11. Ta 2012 ta haura miliyan 17, kuma kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. A waccan ƙidaya ta 2012 garin Dogon Dutsi kaɗai ya kusa mutum 37,000. Yara sun ninka, filaye kuwa ba sa haihuwa.

Na biyu, wanda nake son in daɗe a kansa, ita ce hanya. Hanyar Ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso, ta ratsa Kore Mai Ruwa da Dogon Dutsi, ta nufi Birnin Ƙonni da Maraɗi da Damagaram har Diffa, ita ce jijiyar ƙasar nan. Dogon Dutsi na kimanin kilomita 275 daga Yamai, wato daidai inda direban da ya taso daga kowane gefe yake fara jin yunwa da gajiya. Albasar Galmi ta nan take bi. Simintin Malbaza ta nan yake bi. Tun da aka buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011, tankokin mai ma sun shiga sahu. Alherin wannan hanya ba ya ƙirguwa: mai tsire da mai shayi da mai faci da mai sayar da ruwan sanyi duk a bakinta suke ci. Amma Arawa sun daɗe suna yi mata kallon abu mai fuska biyu. Wata masaniyar halayyar al'umma, Adeline Masquelier, wadda ta yi shekaru tana bincike a Dogon Dutsi, ta wallafa nazari a 2002 kan labaran da mutane ke bayarwa game da wannan hanya, na iskokin da ke tare matafiya da na haɗurran da ke cin rai. Ko mutum ya yarda da iskoki ko bai yarda ba, tsoron da ke cikin waɗannan labarai na gaske ne, kuma duk uwar da gidanta ke kusa da kwalta ta san shi.

Babbar mota kuwa, idan ta tsaya, sai ta sami inda za ta tsaya. Tirela ɗaya ta ɗara mita 15 a tsawo. Biyar sun cinye filin ƙwallon yara. Direba ba mugu ba ne. Yana neman wuri shimfiɗaɗɗe, mai tauri, kusa da abinci da masallaci, inda akwai idon jama'a don kada a yanke masa tamfol. To, wane wuri ne ya cika waɗannan sharuɗɗa in ba filin unguwa ba? Ranar Juma'a, ranar kasuwar Dutsi, sai a ƙara da motocin ƙauye da amalanken shanu da na jakai, ga kuma ƴan kabu-kabu da ba su da iyaka. Duk inuwar da ke kusa da kasuwa ta zama tasha. Da azahar yaron da ya fito da ƙwallonsa sai ya tarar da taya ta fi shi tsawo a inda ya kafa duwatsun ragarsa jiya.

Na taɓa halartar wani zaman unguwa a kan irin wannan. Makarantar da nake koyarwa a lokacin ba ta da katanga, filinta kuwa shi ne mafi girma a wannan ɓangaren gari. Da safe namu ne. Da la'asar na ƴan ƙwallo. Da dare na samari masu shayi. A tsakani kuma hanya ce ga duk mai babur da ke son yanke. Wata Juma'a wata babbar mota da ta kwana a gefen filin ta ja da baya, yaron mota bai sauka ya duba ba, ta take ƙafar wata yarinya mai tallar ƙosai. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Bayan kwana uku mai unguwa ya tara mu a zaurensa.

Wanda ya fara magana wani dattijo ne da ƙofar gidansa ke kallon filin. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shekara biyu ke nan bai yi barcin kirki ba. An sace masa tunkiya biyu. Ya tsinci fankon ƙwayar tiramol a bakin ƙofarsa ba sau ɗaya ba. Kuma yanzu ga jini. Ya juyo gare ni ya ce: "Malam, ku da kuka yi karatu kuna cewa yara na da haƙƙin wasa. To, ni maƙwabci ba ni da haƙƙi ne? A ja katanga, a sa ƙofa, a ba shugaban makaranta makulli, kowa ya huta." Zauren ya yi shiru, domin babu ƙarya ko ɗaya cikin abin da ya faɗa.

Sai wata tsohuwa, kakar yarinyar da aka take, ta yi gyaran murya daga bakin ƙofa inda mata suka tsaya. Kowa ya ɗauka za ta goyi bayan katanga. Ta ce: "Alhaji, ka yi haƙuri. Filin bai taka jikata ba, mota ce ta taka ta. In kun rufe filin, ina za ta kai tallar? Bakin kwalta. Ina yaran nan za su buga ƙwallo? Bakin kwalta. Ku kori motar, ku bar mana filin."

An watse ba a yanke komai ba, kamar yadda aka saba. Amma tun ranar nake ganin cewa muna cakuɗa matsaloli biyu a ƙwarya ɗaya. Matsalar ƙarfe daban, matsalar mutum daban. Mota da babur su ke karya ƙafa, maganinsu kuwa a hana su shiga. Tsoron ɓarawo da baƙon da ba a sani ba wani ciwo ne, kuma katanga ba lallai ta warkar da shi ba.

Ba na son in raina wannan tsoro, kuma ina roƙon abokan aikina na ƙungiyoyin al'adu kada su raina shi. Wanda ke zaune a Yamai yana rubuta kyawawan kalmomi a kan ƴancin walwala bai san yadda dare yake a arewacin gundumar Dogon Dutsi ba, wajen Dogon Kiriya da Sukukutan, inda ƴan bindiga suka sha kai hari a ƴan shekarun nan. A kudu ma, a watan Yuni na 2024, an kashe sojoji shida masu tsaron bututun man da ya nufi Benin, a yankin Tibiri. Iyakar Nijeriya ba ta da nisa, kuma abin da ya addabi Sakkwato da Kabi ba ya neman takardar izini kafin ya tsallako. A irin wannan hali, idan magidanci ya ga babur biyu da bai sani ba sun tsaya a filin ƙofar gidansa da tsakar dare, ba za a ce masa ya kwantar da hankali ba. Mun taso ana ce mana baƙonka Annabinka. Yanzu ga mu muna leƙen baƙo ta kafar ƙofa. Wannan asara ce babba, kuma ba mu muka jawo ta ba.

Sai dai ina tambaya: me katanga ke yi da dare? Da rana tana hana awaki da babura, wannan gaskiya ne. Da dare kuwa tana hana ido. Filin da ke buɗe, mai shayi na gefe yana gani, mai gadin shago yana gani, tsohon da ya fito alwala yana gani. Filin da aka kewaye da bulo mai tsawon mita biyu aka kulle, babu mai ganin cikinsa sai wanda ya haura, mai haurawa kuwa ba ƙwallo ya zo bugawa ba. Na ga makarantun da aka yi wa katanga, bayan shekara guda aka ɓalle ƙofofin azuzuwa aka kwashe tebura, maƙwabta ba su ji ko motsi ba. Na kuma ga lungun bayan katanga ya zama juji da makewayi, har mata suka daina bi ta wurin.

Darasin Yamai ya isa misali. Tun 1965 aka fara dasa itatuwan da suka kewaye birnin, galibi dogon yaro, da nufin su kai eka dubbai, wajen hekta 2,500, su tare ƙura da hamada. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Amma da yake an dasa itace ba a dasa mutane masu hulɗa da wurin ba, sai ya zama wurin da ake gargaɗin mutum kada ya ratsa shi shi kaɗai da yamma. Da sunan wurin ya ɓaci, sai ya yi sauƙi a riƙa gutsurarsa ana yanka filaye, domin wa zai yi kukan dajin ɓarayi? A Amurka ma an sha wannan. Wani lambu da ke tsakiyar birnin New York, mai suna Bryant Park, ya zama matattarar masu sayar da ƙwaya a shekarun 1970, saboda yana tudu, shinge da dogayen shuke-shuke sun ɓoye shi daga titi. Da aka gyara shi aka sake buɗewa a 1992, abin da aka yi shi ne rage shingen, ƙara ƙofofi, zuba kujeru da kawo masu sayar da abinci. Jama'a suka cika wurin, masu ƙwaya suka nemi wani. Tun 1961 wata marubuciya mai suna Jane Jacobs ta bayyana a littafinta kan manyan biranen Amurka cewa idanun mazauna da masu shaguna su ne ke tsare titi fiye da ɗan sanda. Na yi murmushi ranar da na fara karanta wannan ra'ayi, domin tsofaffin matanmu na bakin darni sun riga ta aiki da shi, ba su dai rubuta ba.

A nan ne nake ganin ana zaluntar fada. Tun shekarun 1990 samarin Nijar suka ƙirƙiro wannan majalisa ta shayi, wadda Masquelier ta yi wa littafi guda a 2019. Dattawa da yawa ba sa ganin komai cikinta sai zaman banza da kiɗa, kuma lallai akwai fadar da ta lalace. Amma a unguwanni da dama, samarin da ke zaune kan benci har ƙarfe biyu na dare su ne masu gadin da ba a biya. Su suka san babur ɗin da ba na unguwa ba. Idan mai unguwa ya san shugaban kowace fada da sunansa, ya ɗora masa nauyin fili kamar yadda ake ɗora wa sarkin samari, ya sami abokin aiki. Idan kuwa ya kore su, ya sami duhu da shiru, kuma ba kowane shiru ne lafiya ba.

To, motocin fa? A nan ma ba sai mun je ƙetare aron hikima ba. Kakanninmu sun san matsalar dabbobi da kaya masu yawa da ke shigowa gari lokaci guda, kuma sun yi mata suna: zango. Ayarin fatake, ko masu jakan gishirin Foga, ba sa shigowa tsakiyar gari su ɗaure dabbobinsu a dandali. Akwai wurin da aka ware musu a gefen gari, kusa da ruwa, akwai sarkin zango da ke karɓarsu, ya san madugu, ya san adadin mutanensa, ya kuma kai labari fada. Mata na kai abinci can su sayar. Har yau unguwannin da ake kira Zango a Yamai da Kumasi da sauran garuruwa suna ɗauke da wannan tarihi a sunansu. Abin da garuruwan bakin kwalta ke buƙata shi ne zangon zamani: fili a mashigar gari ta gabas da ta yamma, mai ƙasa mai tauri, da famfo da makewayi da wurin salla da fitila mai aiki da hasken rana, da mai gadi da ke rubuta lambar kowace mota. Direba ya biya ɗan abin da ya sauƙaƙa, kuɗin su biya mai gadi. Direban da ya sami wannan ba zai so ya kutsa cikin unguwa ba, domin shi ma tsoron ɓarawo yake. Hana shi tsayawa ba tare da nuna masa inda zai tsaya ba kuwa, aikin banza ne. Zai matsa gaba kaɗan ya toshe ƙofar wani.

Ga babura da amalanke, abin ya fi sauƙi. Ba a buƙatar bulo dubu. Jerin duwatsu, waɗanda Allah ya hore wa Dutsi, ko tsofaffin tayoyi da aka binne rabi, ko layin itatuwa da aka dasa kusa da kusa, sun isa su hana ƙarfe shiga su bar ƙafa ta wuce. Tun 1975 muke dasa itatuwa kowace ranar 3 ga Agusta, galibi a inda manyan baƙi za su gani, sannan mu bar wa awaki. Da kowace makaranta ta dasa nata a kan iyakar filinta, ta raba wa azuzuwa ban ruwa, da yanzu an sami shinge mai inuwa wanda ido ke ratsawa. In ma katangar ce dole, a yi ta gajera, iya ƙugu, yadda mai wucewa zai ga ciki.

Akwai wani abokin gaba na fili da ya fi mota haɗari, domin mota tana tashi, shi kuwa in ya zauna ya zauna. Ina nufin yankan filaye. Tun da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a 2004, magadan gari suka sami kansu da nauyi mai yawa da aljihu marar nauyi, kuma sayar da fili ita ce hanya mafi kusa ta samun kuɗi. A kan takarda, duk sabon yanki akan ware wuraren makaranta da asibiti da kasuwa da wurin shan iska. A ƙasa kuwa, wurin shan iskan shi ne marayan da ba ya da mai tsaya masa. Yakan zauna shekaru babu itace babu benci, ya zama juji. Maƙwabta su kai kuka. Sai a ce to, tunda ya zama fitina, gara a ba wani ya gina. Kukan maƙwabci na gaskiya ne, amma wani ke cin ribarsa. Kano ta nuna mana ƙarshen wannan hanya: an gina shaguna a kewayen babban filin Idi na Ƙofar Mata a zamanin gwamna Ganduje, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe su a watan Yuni na 2023, aka shiga kotu, ƴan kasuwa suka yi asara, baitulmali ya ɗauki nauyin diyya. Da tun farko an bar filin yadda yake, da babu wanda ya yi kuka.

Wannan ne ya sa hankalina ya fi karkata ga Tibiri. Sai a 2011 aka cire ta daga Dogon Dutsi ta zama gunduma mai zaman kanta, tare da Dumega da Geceme da Kore Mai Ruwa. Garin da ya zama mazaunin gunduma yakan ja ma'aikatu da ma'aikata da masu neman fili, gonakin bakin gari su koma unguwanni. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu ne, tun ƙasa tana da sauƙi, ya kamata a auna dandalin kowace sabuwar unguwa, a kafa masa duwatsun iyaka, a shigar da shi rajistar hukumomin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, da sunan jama'a. A watan Afrilu na 2024 an rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi. Ko wa ke riƙe da hatimi, takardar da aka rubuta aka kuma karanta a gaban hakimi da masu unguwanni ta fi wuyar ɓacewa a kan alkawarin baki. Ƙungiyoyin al'adu suna da bakin da za su nemi wannan. Mun iya shirya bukukuwan tunawa da Sarauniyar Lugu da turjiyar da ta yi wa ayarin Voulet da Chanoine a 1899, kuma ya dace mu yi. Amma ƙungiyar da ta iya tara mutum ɗari don jawabi, ta iya tura mutum biyar ofishin magajin gari su nemi a nuna musu taswirar sabon yanki.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa a zauren mai unguwa ba, saboda masu abin suna tsaye a bakin ƙofa: idan aka ce yara na wasa a fili, yara maza ake nufi. Gaɗa ta ja baya a garuruwa da yawa, wani wuri saboda wa'azi, wani wuri saboda talabijin da wayar hannu, wani wuri saboda iyaye ba su amince da duhu ba. Ƙwallon ƙafa ta mamaye abin da ya rage. Ɗalibata mata sun san sunayen wasannin kakanninsu don na sa su haddace, amma ƙalilan ne suka taɓa tafa hannu a da'ira. Ba na kiran a koma fitar dare. Ina cewa ne filin makaranta, da la'asar, rana ɗaya ko biyu a mako, ƙarƙashin idon malama da iyaye mata, zai iya zama nasu su kaɗai. Mahaifin da ba zai bar ɗiyarsa ta je dandali ba zai iya barinta ta je wannan.

Saura batun makulli, wanda ya shafe mu malamai kai tsaye. Makarantu da yawa yanzu sun sami katanga, wasu da taimakon iyaye, wasu da na abokan hulɗa, kuma babu mai cewa a rushe. Shugaban makaranta yana da hujjar kulle ƙofa da zarar an tashi: shi za a tambaya idan tebur ya ɓace, kuma ba a ba shi kuɗin mai gadi ba. Amma makullin azuzuwa daban, na ƙofar fili daban. Na farko ya zauna a aljihunsa. Na biyu ana iya yin guda uku: ɗaya gare shi, ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya wurin wanda ƙungiyar iyayen yara da samarin unguwa suka amince da shi. A rubuta ƙa'ida a jikin ƙofa da Hausa, da boko da ajami: ana buɗewa bayan la'asar, ana rufewa da kiran magariba, babur ba ya shiga, ranar kaza ta ƴan mata ce, wanda ya fasa taga unguwa za ta biya. Ranar kokowa ko wasan kwaikwayo, ƙungiyar da ta shirya ta sanar da maƙwabta tun kwana uku, ta ware inda za a jera babura nesa da ƙofofin mutane, ta sa samari biyu su tsare su, ta kuma kashe lasifika a lokacin da aka yi alkawari. Dattijon da ke kallon filin daga ƙofar gidansa, shi ya kamata a fara kai wa takardar, kuma a ajiye masa kujera a gaba.